Zazzaɓin Mahauta da Ke Ɓuya a Ƙyauren Zuciya

A shekarar 1933 wani zazzaɓi ya fara kwantar da ma'aikatan babbar kwatar birnin Brisbane, a ƙasar Ostireliya. Mutum zai fita aiki garau, kafin yamma kai ya ɗauki sara, jiki ya yi zafi rau, cikin dare gumi ya jiƙa masa shimfiɗa. Wani ya yi sati ɗaya a kwance, wani ya haura biyu. Da yake yawancinsu suna miƙewa su koma bakin aiki, sai da aka shekara biyu ana kwanciya ana tashi kafin hukuma ta waiwayi lamarin. A watan Agustan 1935 ne ma'aikatar lafiya ta jihar Queensland ta ɗora wa sabon shugaban ɗakin gwaje-gwajenta, Dokta Edward Derrick, aikin gano abin da ke damun mahautan nan.

Na ɗauko labarin daga can nesa ne saboda mutanen da ke sauke ɗanyar fata a masana'antun jima na Sharada da Chalawa da Bompai a Kano, da mahautan Abbatuwa, da matan da ke kiwon awaki a tsakar gida. Abin da Derrick ya fara bin sawunsa ya shafe su kai tsaye, kuma mafi munin ɓarnarsa a cikin zuciya yake yin ta.

Derrick ya fara da abin da kowane likita zai fara da shi. Ya yi gwajin taifot, babu. Ya yi na zazzaɓin ƙwarƙwata, babu. Ya gwada cutar da ake ɗauka daga fitsarin ɓera, ya gwada bakkale, wadda makiyayanmu suka sani tana sa shanu ɓari. Duk babu. Ya ɗebi jinin marasa lafiya ya zuba a kwalaben da ake renon ƙwayoyin cuta, ya ajiye su a ɗumi, ya jira. Ruwan kwalaben ya zauna fes, ko gurɓata bai yi ba.

A nan ne mutumin ya burge ni. Takardun gabansa duk sun ce babu komai, mahautan kuma ga su a kwance suna rawar sanyi, sai ya gaskata mahautan. Ya ɗebi jininsu ya tsira wa ɓerayen Masar. Bayan 'yan kwanaki ɓerayen suka yi zazzaɓi. Ya ɗebi na waɗannan ya tsira wa wasu, su ma suka kamu. Ya lura kuma duk ɓeran da ya taɓa kamuwa ya warke, ko an sake tsira masa ba ya sake yin zazzaɓi. Da wannan ya ƙirƙiri hanyar gane cutar alhali bai taɓa ganin mai jawo ta ba: in jinin mutum ya kwantar da sabon ɓera amma bai taɓa wanda ya warke ba, to ita ce. Da ya leƙa madubin ƙara girma bai ga komai ba, sai ya zaci bairas ce. Ya raɗa mata suna na wucin gadi, zazzaɓin Q, daga harafin farko na kalmar tambaya a Turanci, kafin a san haƙiƙaninta. Har yau da shi ake kiranta. A 1937 ya wallafa bayanin mutum tara da suka kamu.

Kafin nan, a 1936, ya aika hantar ɓeran da ya kamu zuwa birnin Melbourne, wurin wani matashin mai bincike, Macfarlane Burnet, wanda daga baya ya ci kyautar Nobel a 1960 kan wani aikin daban. Burnet da abokiyar aikinsa Mavis Freeman suka tsira wa ƙananan ɓeraye, suka yanka saifarsu suka rina ta, suka duba. Sai ga abin nan cunkushe a cikin ƙwayoyin jikin ɓeran: bakteriya ce ƙanƙanuwa ƙwarai, wadda ba ta yaɗo sai a cikin ƙwayar halitta mai rai. Dalilin da ya sa kwalaben Derrick suka ƙi nuna komai ke nan. Ba a daɗe ba Burnet da kansa ya kwanta da zazzaɓin.

A daidai waɗannan shekarun, a wani ɓangaren duniya, wasu mutanen da ba su san da mahautan Brisbane ba suna fama da tasu tambayar. A jihar Montana ta Amurka, Gordon Davis ya tattaro kaska daga bakin wani rafi mai suna Nine Mile, ya ɗora su a jikin ɓerayen Masar, ɓerayen suka yi wani zazzaɓi da bai dace da wanda yake nema ba. Abokin aikinsa Herald Cox ya yi nasarar renon abin a cikin ƙwan kaza mai ɗan tsako. Wani babban jami'in cibiyar binciken lafiya ta Amurka, Rolla Dyer, bai gamsu da wannan iƙirari ba, ya taso musamman a watan Mayun 1938 ya zo ya gani da idonsa. Ya gani, ya gamsu, ya kama hanyar gida. Kwanaki kaɗan bayan haka ciwo ya kama shi a bayan idanu, sai zazzaɓi, sai gumi. Aka ɗebi jininsa aka tsira wa ɓeraye, suka kamu. Aka gwada da irin da Burnet ya aiko daga Ostireliya, sai aka ga ɓeran da ya warke daga ɗaya, ɗayar ba ta kama shi. Ashe cutar kaskar Montana da ta mahautan Brisbane abu ɗaya ne. A 1948 aka haɗa sunayen mutum biyu aka raɗa wa ƙwayar Coxiella burnetii.

Yaƙin Duniya na Biyu ya nuna cewa abin ya wuce kwata ɗaya ko rafi ɗaya. Sojojin Jamus a yankin Balkan da Girka sun yi ta kwanciya da wata mura mai kama huhu. Sojojin Amurka a Italiya, tsakanin 1944 da 1945, su ma sun kamu, da yawansu bayan sun kwana a rumbunan ciyawa da garken manoma. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta wallafa a 1955 ya same ta a ƙasashe 51. A wannan shekarar kuma rundunar sojan Amurka, da ke nazarin ta a matsayin makami, ta jera sojoji 'yan sa kai a hamadar jihar Utah ta fesa musu ita daga nesa, iska ta kai musu, wasunsu suka kamu. An gane cewa ƙwaya ɗaya zuwa goma, in mutum ya shaƙa, ta isa.

Daga ina take fitowa? An fara zargin kaska, amma binciken da aka yi a California a ƙarshen shekarun 1940 da farkon 1950 ya nuna inda taskarta take: mahaifar saniya da tunkiya da akuya. Dabbar tana iya kasancewa lafiya lau a ido. Ranar da ta haihu ko ta yi ɓari, mabiyiyar da ta fito tana iya ɗauke da ƙwayar cutar har biliyan ɗaya a kowane giram. Tana fita a nono da fitsari da kashi, tana maƙalewa a gashi da fata. Rana ba ta kashe ta da sauri, bushewa ba ta dame ta ba, tana yin watanni a ƙasa. In ta bushe ta bi ƙura, iska ta ɗauke ta. Juriyarta ga zafi ce ta sa a shekarun 1950 aka ɗaga ma'aunin zafin da kamfanoni ke dafa madara da shi.

In da a nan ta tsaya, da ba wani abin tashin hankali ba ne sosai. Fiye da rabin waɗanda suka shaƙe ta ba sa ma sanin sun kamu. Sauran su yi zazzaɓi bayan sati biyu zuwa uku, wasu ya taɓa musu huhu ko hanta, sati biyu na maganin doxycycline ya wadatar. Sai a ƙarshen shekarun 1950 likitocin Birtaniya suka fara ba da rahoton wani abu daban: mutanen da suka yi zazzaɓin nan tun da daɗewa, aka ɗauka sun warke, suna ta ramewa sannu a hankali har zuciya ta gaza. Da aka buɗe zuciyar bayan mutuwa, aka tarar ƙwayar ta yi gida a ƙyaurenta.

Zuciya tana da ƙyamare huɗu, 'yan siraran fatu ne da ke buɗewa jini ya wuce, su rufe kada ya dawo baya, kusan sau dubu ɗari a kowace rana. Lafiyayyen ƙyaure sumul yake, ƙwayar cutar da ta shiga jini da wuya ta sami wurin kamawa a jikinsa. Wanda ya lalace ne matsala. A ƙasashenmu, babban mai lalata shi ciwon maƙogwaro ne na yara, wanda bakteriyar streptococcus ke jawowa. Yaro ya yi ciwon wuya ba a ba shi penisilin ba, bayan sati biyu ko uku gwiwa da idon sawu su kumbura, a ce sanyi ne, a shafa mai, ya warke. A ciki kuwa garkuwar jikinsa, da ta tashi yaƙar baƙuwar, ta haɗa da ƙyauren zuciyarsa. In abin ya yi ta maimaituwa, ƙyauren ya yi tabo ya yi kauri, ya koma kamar ƙyauren katakon da ya sha damina ya kumbura: ba ya buɗuwa duka, ba ya rufuwa duka. A kan wannan kaushin ne ƙwayoyin cuta ke sauka su haɗu da gudan jini su yi tsiro. Tsiron yana cin ƙyauren har ya huda shi, kuma ɓarɓashinsa yana ɓallewa ya bi jini. In ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa sai a ga matashi ɗan shekara ashirin da shanyewar ɓarin jiki. In ƙoda ya nufa sai fitsarin jini. William Osler ya yi cikakken bayanin wannan ciwo tun 1885, kuma kafin zuwan penisilin kusan duk wanda ya kamu da shi ajalinsa ne.

Yawancin masu jawo wannan ciwo sanannu ne, daga baki da haƙora da fatar jiki suke shiga, kuma in aka ɗebi jini aka reni ƙwayar a kwalba za ta fito cikin 'yan kwanaki, likita ya san maganin da zai zaɓa. Amma akwai 'yan tsirarun da ba sa fitowa ta wannan hanya ko suke wahalar fitowa: Coxiella, da Bartonella da ƙwarƙwata ko ƙumar kyanwa ke yaɗawa, da Brucella ta bakkale. Ta Derrick ta fi su iya ɓuya. Zazzaɓinta na zuciya ƙasa-ƙasa ne, yau akwai gobe babu. Tsironta ƙanana ne, sau da yawa hoton zuciya ba ya kama su. Mai ita sai dai a ga yana ramewa, yana gumin dare, numfashi yana gaza shi in ya hau bene, saifa ta kumbura, kan yatsunsa ya yi dunƙule, farce ya lanƙwashe. Ana iya kwashe shekara ana yi masa maganin wani abin.

Ko da an gano ta, kashe ta wani aikin ne. Fararen ƙwayoyin jini sukan haɗiye bakteriya su jefa ta wani ɗan aljihu mai tsamin asid don ta narke. Coxiella a cikin wannan aljihun take jin daɗin zama, a nan take hayayyafa, kuma tsamin wurin yana dakushe kaifin doxycycline. Shi ya sa a da ake ba mutum magani shekara da shekaru, da an tsayar cutar ta dawo, kuma a wasu rahotannin farko fiye da rabin masu ita sun mutu. Didier Raoult da abokan aikinsa a birnin Marseille na Faransa suka yi tunanin a rage tsamin aljihun da hydroxychloroquine, ɗan'uwan kulorokwin da muka sha a yarinta. Sakamakon da suka wallafa a 1999 ya nuna haɗa magungunan biyu ya rage tsawon jinya, ya rage dawowar cutar. Ƙa'idar da ake bi yanzu wata 18 ne ga mai ƙyaurensa na asali, wata 24 ga wanda aka sa wa na roba ko na ƙarfe, ana duba jini da idanu a kai a kai saboda illar maganin. Mace-macen sun faɗo ƙasa da kashi goma cikin ɗari. Wannan Raoult ɗin shi ne ya tashi hankalin duniya a 2020 da cewa hydroxychloroquine na maganin korona, manyan gwaje-gwaje kuma suka nuna ba ya yi. Kuskurensa na baya bai goge aikinsa na farko ba, kuma babu ɗaya daga cikin biyun da ya halatta wa mutum ya je kemis ya sayi ƙwayar ya kama sha da ka.

Wanda yake zaton wannan tarihi ne da ya wuce, ya dubi Holan. Ƙasa ce mai arziki da asibitoci na gani na faɗa. Kiwon awakin madara ya bunƙasa a kudancinta har adadinsu ya haura dubu ɗari uku, ana tara dubbai a rumfa ɗaya, ana kwashe takinsu a baza a gonaki. Tun 2005 awaki suka fara ɓari da yawa a wasu gonakin, likitocin dabbobi suka gano Coxiella ce. A bazarar 2007 likitan ƙauyen Herpen ya ga manya majiya ƙarfi suna ta zuwa masa da ciwon huhu. A shekarar an ƙirga mutum 168. A 2008 suka kai dubu ɗaya, a 2009 suka haura 2,300. Yawancinsu ba su taɓa akuya da hannu ba, iska ce ta kai musu har gida daga gonakin da ke 'yan kilomitoci kaɗan. Sai a watan Disambar 2009 gwamnati ta fara kashe awaki da tumaki masu ciki a gonakin da cutar ta shiga, fiye da dubu hamsin. Kwamitin da ya binciki lamarin a 2010 ya ce an yi jan ƙafa, kuma ɓangaren noma da na lafiya ba su yi aiki tare yadda ya kamata ba. An rubuta sunan mutum fiye da dubu huɗu, an ƙiyasta waɗanda suka shaƙa sun kai dubu arba'in.

Bayan ƙurar ta lafa ne ainihin asarar ta fara bayyana. Shekara biyu, uku, biyar bayan annobar, mutane suna zuwa asibiti da ruɓaɓɓen ƙyaure ko kumburarriyar babbar jijiya, wasunsu ba su ma tuna sun taɓa yin zazzaɓin ba. Waɗanda aka danganta mutuwarsu da cutar sun haura casa'in, kuma mafi yawansu wannan nau'in mai ɓuya ne ya ɗauke su.

To, a dawo gida.

Kano garin fata ne tun fil azal. Heinrich Barth, da ya zo a 1851, ya rubuta yadda takalma da jemammiyar fata ke fita daga nan su ƙetare Sahara. Fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ita ce Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko, don ta can take isa gare su. Majema na gargajiya har yanzu suna aiki da toka da bagaruwa a cikin gari, manyan masana'antun zamani kuma suka taru a Bompai da Sharada da Chalawa. An yi magana mai yawa, kuma da gaskiya, a kan ruwan guba da ke fita daga waɗannan masana'antu ya gangara kogin Chalawa da rafin Getsi da Jakara, a kan sinadarin kuromiyom da ƙaiƙayin fata da warin da ke hana maƙwabta sakat. Ina so a juyo a dubi ɗayan bakin masana'antar, inda kaya ke shigowa.

Mota ta tsaya shaƙe da fatun awaki da tumaki, wasu an bushe su a inuwa, wasu an cuɗe su da gishiri. Samari suna hawa suna jefowa, na ƙasa suna tarewa a kafaɗa. Mai zaɓe yana ɗaga kowace ɗaya ya karkaɗe ta, ya ɗaga ta sama ya duba huda da tabon wuƙa, ya jefa ta tsibin da ya dace da ita. Kowace karkaɗewa ƙura ce ke tashi, ta gishiri da gashi da busasshen kashin da ya manne a cinya da wutsiya. In hunturu ne, ƙurar ba ta sauka. Wanda ya ji ta dame shi ya ja bakin rigarsa ya rufe hanci. Fatar da ta riga ta shiga ruwan farar ƙasa ta sha sinadari ba ita ce abin tsoro ba. Wannan matakin na farko, na ɗanyar fata da gashi, shi ne ya sa littattafan likitanci ke lissafa masu aikin fata tare da mahauta da makiyaya da likitocin dabbobi cikin waɗanda zazzaɓin Q ya fi kamawa.

Ƙwayar kuwa tana cikin dabbobinmu. A tsakiyar shekarun 1980 Abiodun Adesiyun da abokan aikinsa na Jami'ar Ahmadu Bello sun sami shaidarta a jinin shanun yankin Zariya, sun kuma nuna wasu shanun suna fitar da ita a nono. Wani bincike da aka wallafa a 2021 a kan makiyayan jihar Sakkwato ya sami alamar kamuwa da ita a jinin da yawa daga cikinsu. Daga irin waɗannan garken ne dabbobi ke zuwa kasuwannin Wudil da Dambatta da Maigatari, su ƙare a kwata, fatarsu ta ƙare a Chalawa.

Ba ma sai an je masana'anta ba. Akuya ta haihu da asuba a lungun tsakar gida. Uwar gida ta ce wa yaro ya ɗauke mabiyiyar da kara ya kai bola. Ruwan haihuwar ya tsotse a ƙasa, rana ta busar da shi, washegari yarinya ta sunkuya da tsintsiya ta share wurin, ƙura ta tashi ta shiga ɗakin da yayarta ke kwance. In akuyar ɓari ta yi, sai a ce ta ci leda ko wata ce ta tunkuye ta.

Bayan ƙurar da ƙwayar, abu na uku shi ne lalataccen ƙyaure, shi ma muna da shi a yalwace. Mahmoud Sani da Kamilu Karaye da Musa Borodo sun wallafa a 2007 nazarin hotunan zuciya da aka ɗauka a Kano: kusan ɗaya cikin goma na waɗanda aka ga matsala a zuciyarsu, wannan tabon na ciwon maƙogwaro ne, matsakaicin shekarunsu kuma 24, mata sun fi yawa. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana cikin asibitoci 25 da suka shiga babban binciken REMEDY, wanda ya bi mutum 3,343 a ƙasashen Afirka 12 da Indiya da Yaman. Rabinsu ba su wuce shekara 28 ba. Kusan rabi ba sa samun allurar penisilin ta wata-wata da ke hana ƙyauren ƙara lalacewa. Cikin shekara biyu, kusan kashi 17 cikin ɗari sun rasu. Waɗannan su ne waɗanda suka isa babban asibiti. A duniya kuwa masu wannan ciwo sun haura miliyan arba'in.

Ga lissafin da ya hana ni sakewa. Cikin duk masu kamuwa da zazzaɓin Q, waɗanda yake zame wa ciwo mai ɓuya ba su kai biyar cikin ɗari ba. Amma binciken Marseille na 2001 ya nuna cewa cikin masu lalataccen ƙyaure da suka kamu, kusan huɗu cikin goma ne ya kai ga zuciyarsu. Saurayin da ya yi kumburin gwiwa yana ɗan shekara tara a ƙauye, ya zo birni yana da ashirin ya sami aikin sauke fata, ba wanda ya taɓa ɗora masa abin sauraren ƙirji, shi ne mutumin da wannan adadi ke magana a kansa.

In ya fara zazzaɓi, kowa ya san hanyar da zai bi. Kemis tukuna, a ba shi na cizon sauro. Bai sauka ba, a ce taifot ne, a yi gwajin widal, wanda ko lafiyayye a garin nan yana iya nuna masa alama, a haɗa masa kafso. Ya ɗan ji sauƙi, ya koma aiki, bayan wata ɗaya ya dawo. A gwada na gargajiya, a ce shawara ce, ko a ce sammu. Kafin ya isa wurin likitan zuciya ƙafa ta kumbura, kuma magungunan da ya yi ta sha barkatai sun isa su hana ko bakteriyar da aka saba gani fitowa a kwalba. Ban ga laifin mai kemis shi kaɗai ba, ban ga na majinyaci ba, wanda in bai fita yau ba gidansa ba a ɗora tukunya. Amma zazzaɓin da ya haura sati biyu, ya ƙi jin maganin cizon sauro da na taifot, ya cancanci tambaya biyu da ba sa cin ko kwabo: "Malam, wace sana'a kake yi?" da "Hajiya, akwai dabbar da ta haihu ko ta yi ɓari a gidan kwanan nan?" Sannan a saurari ƙirji da kyau. Tun shekarar 2000 ƙa'idojin Duke, waɗanda likitocin duniya ke bi wajen tabbatar da ciwon ƙyauren zuciya, suka sa gwajin jini na Coxiella cikin manyan hujjoji. Gwajin garkuwa ne, ana iya ɗibar jinin a aika inda ake yin sa.

Ostireliya, inda aka faro, ta bi hanyar rigakafi. Barrie Marmion, ɗaya daga cikin likitocin Birtaniya da suka fara nazarin nau'in cutar mai kama zuciya, ya koma birnin Adelaide ya jagoranci gwajin allura a kan ma'aikatan kwata a shekarun 1980. An amince da ita a 1989 da sunan Q-Vax. Kafin a yi wa mutum sai an gwada jininsa da fatarsa an tabbatar bai taɓa kamuwa ba, don tana yi wa wanda ya taɓa kamuwa mummunan kumburi. Yau a can, sabon ma'aikacin kwata yana nuna shaidar wannan gwaji kafin ya fara aiki. Holan ma, a 2011, ta shigo da allurar ta yi wa masu ciwon ƙyauren zuciya a yankin da annobar ta fi tsanani.

Allurar tana da tsada kuma tana da nisa. Abin da ke hannunmu ya fi ta araha. Masu masana'antun Sharada da Chalawa da Bompai suna iya sa a yayyafa ruwa a wurin sauke fata, a ba masu zaɓe takunkumi na ƙwarai, a hana tafiya gida da kayan aiki a jiki, domin an sha samun matan da suka kamu daga wankin tufafin mazajensu. Suna iya kiran likita ya saurari ƙirjin duk wanda za a tura sashen ɗanyar fata, wanda aka ji ƙara a zuciyarsa a ba shi aiki a wani sashen, ba a sallame shi ba. Sarkin Fawa yana da bakin da zai faɗa wa mahauta su yi hattara da cikin dabbar da aka yanka da ɗa. A gida, a binne mabiyiya da zurfi ko a ƙone ta, a tafasa nono kafin a sha. Mai juna biyu da duk wanda likita ya taɓa ce masa ƙyauren zuciyarsa na yoyo su nisanci wurin haihuwar dabba da sharar turke.

Ga wanda ya riga ya kamu kuwa, lokaci ne komai. Likitocin Marseille suna ɗaukar hoton zuciyar duk wanda suka tabbatar yana da zazzaɓin Q. In suka ga ƙyauren da tabo, ba sa tsayawa a maganin sati biyu, suna ci gaba da doxycycline da hydroxychloroquine har shekara guda. A rahoton da suka fitar a 2013, cikin waɗanda suka kammala wannan magani babu wanda cutar ta kama masa zuciya.